Wa Ya Ɗebi Samfurin? Saɓanin Masu Jari kan Sakamakon Gwajin Zinariya, daga Tasawa da Mayahi zuwa Bakin Rami

Tsakure

Wannan maƙala ta duba rigimar da ke tashi tsakanin mai zuba jari da mai haƙa idan abin da gwaji ya nuna ya saɓa wa abin da rami ya bayar. Ta ɗauki gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi a Nijar a matsayin wuraren da kuɗi da majiya ƙarfi ke fita zuwa ramukan zinariya masu nisa. Hujjar da take kafawa ita ce, yawancin laifin da ake ɗora wa na'ura ko ɗakin gwaji, asalinsa yana wurin ɗibar samfuri da hannun da ya riƙe shi a hanya. An dogara da lissafin ƙwayar zinariya, da badaƙalar kamfanin Bre-X ta 1997, da hukuncin malaman Malikiyya kan ƙasar ma'adini da jarin raba riba.

1. Gabatarwa



Wanda ya san ƙasar Tasawa da Mayahi zai iya tambayar me ya haɗa su da zancen gwajin zinariya. Babu kamfanin haƙar zinariya a gundumomin nan biyu. Ƙasarsu jigawa ce da fadamun Gulbin Kaba, kuma yashi da laka masu kauri sun binne tsohon dutsen da jijiyar zinariya ke bi. Sai an gangara kudu, can gundumar Madarunfa daf da iyakar Najeriya, sannan wannan tsohon dutse ke leƙowa sama, shi ne kuma ci gaban duwatsun ƙasar Katsina da Zamfara. Dalili ke nan da ya sa a 2021 aka samu zinariya a yankin Ɗan Isa, ba a Maijirgi ko Kanambakashe ba.

Abin da ƙasar Tasawa da Mayahi ke bai wa harkar zinariya shi ne kuɗi da ƙarfin samari. Tun da aka gano zinariya a Jado cikin watan Afrilun 2014, sannan a Cibarakatan kusa da iyakar Aljeriya a wannan shekarar, cin rani ya sami sabuwar alƙibla. Saurayin da a da zai nufi Kano ko Legas bayan an kai amfanin gona gida, yanzu yana iya nufar Agadas. Gwamnati ta rufe Jado a farkon 2017, mutane suka watsu zuwa wasu ramukan na Abzin. Da labarin Ɗan Isa ya ɓulla, dubban mutane suka kwarara can, har zuwa ranar 7 ga Nuwamban 2021 da rami ya rufta a Garin Liman, ya kashe aƙalla mutum 18, hukuma ta ba da umarnin rufe wurin.

Rami yana cin kuɗi tun kafin ya ba da ko ƙwaya ɗaya. Akwai abincin ma'aikata da ruwan sha, da man janareto, da igiya da diga, da kuɗin mota da na niƙa, kuma wani ne ke biya. Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa littafi kan Alhazan Maraɗi a 1986 ya bayyana yadda kasuwancinsu ya ginu bisa dangantakar ubangida da bara, shi ne kuma ya yi nazarin ruguguwar neman zinariya a Tenere da Abzin tare da Laurent Gagnol a 2017. A ganina wannan tsari na ubangida da bara ne ya bi mutane har bakin rami. Ɗan kasuwar da ya tara kuɗinsa da wake da gero da dabbobi yakan ba yaronsa jari kamar yadda ya saba, da baki, bisa amana. Bambancin shi ne, wake yana iya zura hannu cikin buhu ya duba, amma ramin yana iya yi masa nisan fiye da kilomita 1,000. Abin da ya haɗa shi da dukiyarsa bai wuce waya da ɗan bidiyo da sakamakon gwaji ba.

2. Gwajin bakin rami da gwajin wuta

Gwajin farko a bakin rami ake yin sa. Mai gwaji ya fasa dutse, ya daka shi a turmin ƙarfe har ya zama gari, ya zuba a tasa, ya ƙara ruwa. Sai ya riƙa jujjuya tasar yana karkata ta, farin gari mara nauyi yana fita da ruwan, har abin da ya rage ya zama baƙin yashi mai nauyi cikin cokali. Ya ɗan girgiza, ya bar ɗigon ruwa ya share baƙin yashin gefe. Idan akwai zinariya, za a ga siririn layi ruwan ɗorawa ya maƙale a bayan yashin, ya ƙi motsi. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma gogaggen mai gwaji ba ya ruɗuwa da dutsen nan mai ƙyalli na ƙarfe da farar wuta da ke yaudarar baƙo a bidiyo, domin ya san in aka buge shi da guduma murƙushewa yake yi, zinariya kuwa baje wa take yi. Sai dai tasa ba ta ba da adadi. Tana cewa akwai ko babu. Kuma dutsen da aka daka, ba kowane dutse ba ne; wanda ya fi kyau a ido ne aka zaɓa daga tsakiyar jijiya. Ko da babu mugun nufi, hannun mutum yana zuwa wurin da idonsa ya ga alheri.

Mai jarin da ya waye yakan ce a kai samfuri ɗakin gwaji a kawo masa takarda. Hanyar da duniya ta fi amincewa da ita ita ce gwajin wuta, kuma tsohuwar hanya ce ƙwarai. Ana niƙe samfurin ya yi laushi, a ɗebi giram 30 ko 50, a gauraya da sinadarin dalma da magungunan narkarwa, a sa a tukunyar yumɓu cikin wutar da ta haura digiri 1,000. Narkakkiyar dalma tana ratsa cakuɗin tana tsince zinariya da azurfa, ta taru a gindin tukunya. A ciro wannan curin dalmar a ɗora shi a wani ɗan kasko mai tsotsewa, wanda asali da tokar ƙashi ake yin sa, a mayar wuta. Kaskon ya shanye dalmar, ya bar ɗan ƙwallo mai sheƙi da bai kai kan allura ba. A narkar da azurfar da asid, a auna abin da ya rage, ko a narkar da shi duka a karanta da na'ura. Idan ma'aikacin ya san aikinsa, kuskuren wannan hanya kaɗan ne. Amma ina roƙon a lura da abin da takardar take shaida a kai: giram 30 ɗin da aka narka. Ba ta ga ramin ba.

3. Lissafin ƙwaya ɗaya

Mu ɗauki dutsen da ke da giram 5 na zinariya a kowane tan. A ma'aunin manyan kamfanoni wannan dutse ne mai kyau, tunda akwai wuraren da ake cin riba a kan giram 1 ko 2. Buhu mai kilo 50 na irin wannan dutse yana ɗauke da rubu'in giram. Cikin giram 30 da ɗakin gwaji zai narka kuwa, zinariyar da ake nema miligiram 0.15 ce. Zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19.3, saboda haka ƙwaya ɗaya mai faɗin rubu'in milimita, wadda da ƙyar ido zai tsinkaye ta, nauyinta ya kai kusan wannan adadin. To, idan zinariyar dutsen nan a irin waɗannan ƙwayoyi take, sai a ga abin mamaki. Cokalin da ƙwaya biyu suka faɗa ciki zai nuna kusan giram 10 a tan. Cokalin da aka ɗiba daga garin nan dai, amma bai dace da ko ɗaya ba, zai nuna babu komai. Ɗakunan gwaji biyu masu gaskiya za su iya ba mutum biyu waɗannan takardu biyu, kowa ya riƙe tasa yana rantsuwa.

Matan gidajenmu sun san wannan ƙa'ida a tukunyar miya. Cokali ɗaya ya isa a san ko gishiri ya ji, domin ya narke ya game ko'ina. Amma cokali ɗaya ba ya faɗin yawan naman da ke cikin tukunyar. Zinariyar jijiyar farin dutse, irin wadda masu haƙar hannu ke bi, rabonta irin na nama ne. Bafaranshen nan Pierre Gy ya shafe rayuwarsa tun daga shekarun 1950 yana gina ilimin ɗibar samfuri a kan wannan matsala, kuma abin da ya tabbatar shi ne, gwargwadon girman ƙwaya da ƙarancinta, gwargwadon yawan samfurin da dole a ɗiba da laushin da dole a niƙa shi kafin a raba.

Lissafin yana da wata fuska mai ban tsoro. Idan ƙaramin abu yana iya ɗaga sakamako haka bisa tsautsayi, to yana iya ɗaga shi da gangan. Samfuri mai kilo 2 da babu komai a cikinsa, miligiram 20 na garin zinariya ya isa ya sa shi nuna giram 10 a tan. Giram ɗaya tak zai yi wa samfuri 50 wannan aiki. Wanda ke son sayar da mataccen rami, ko yake son ubangida ya ƙaro kuɗi, ba ya buƙatar sayen ma'aikacin ɗakin gwaji. Minti biyu shi kaɗai da buhun sun ishe shi.

4. Busang

Kada a ɗauka wannan larurar mutanen karkara ce da ba su yi boko ba. Babbar badaƙalar da aka taɓa yi a tarihin haƙar zinariya, masana da manyan bankuna ta cinye. Bre-X ƙaramin kamfani ne na birnin Kalgari a Kanada, ƙarƙashin David Walsh. A 1993 ya sami wani fili a Busang, cikin dajin Kalimantan ta Gabas a Indunisiya, inda John Felderhof da Michael de Guzman suka jagoranci binciken ƙasa. Sakamakon gwaji ya riƙa fitowa yana ƙara kyau, ƙiyasin zinariyar yana hawa, har ya kai kimanin oza miliyan 70 a farkon 1997. Darajar kamfanin a kasuwar hannun jari ta haura dalar Kanada biliyan 6. Cikin waɗanda suka zuba kuɗi har da asusun fanshon malaman makaranta na lardin Ontariyo.

Da kamfanin Freeport-McMoRan na Amurka ya shigo a matsayin abokin aiki, sai ya ce zai huda nasa ramukan gwajin kusa da na Bre-X, ya kai nasa samfurin da hannunsa. Ranar 19 ga Maris 1997 de Guzman ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu a hanyarsa ta zuwa ganawa da su. Mako guda bayan haka Freeport ya sanar cewa zinariyar da ya samu ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi shafar maƙalar nan. Makonni aka kwashe masu hannun jari suna musu kan hanyar gwaji. Masu kare Bre-X suka ce gwajin wuta da Freeport ya yi amfani da shi ne bai dace da zinariyar Busang ba, hanyar jiƙa samfuri da sinadarin sayanid da Bre-X ke bi ita ce daidai. Mutanen da dukiyarsu ke ciki sun fi son su yarda na'ura ce ta yi kuskure.

Kamfanin Strathcona, wanda aka ɗauko a matsayin mai raba gardama, ya huda nasa ramukan, ya tsare samfurinsa tun daga bakin rami har ɗakin gwaji, ya fitar da rahoto a farkon watan Mayu. Babu zinariyar a zo a gani a Busang. An riƙa barbaɗa ta ne a cikin buhunan samfuri a kan hanya, kafin su isa ɗakin gwaji na Balikpapan, kuma ɗakin gwajin ya auna abin da aka kawo masa. Da aka duba ƙwayoyin a madubin ƙara girma, sai aka ga gefunansu sun goge sun yi sumul, siffar zinariyar da ruwan kogi ya daɗe yana mirginawa, wadda ba ta da abin yi a cikin dutsen da aka huda daga zurfin ƙasa. Akwai kuma alamar da ta kamata ta farkar da mutane tun farko. Al'adar sana'ar ita ce a tsaga sandar dutsen da injin huda ya fitar gida biyu, a gwada rabi, a adana rabi domin mai son sake dubawa. Bre-X niƙe kusan duka yake yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan sai da ya yi shekaru ana tafiya cikinsa. Walsh ya rasu a 1998, kotu ta wanke Felderhof a 2007, kuma ba a ɗaure kowa ba.

Bayan wannan ne Kanada ta kafa ƙa'idar NI 43-101 a 2001, kamar yadda Ostireliya ke da tata ta JORC tun 1989. Ƙa'idar ta wajabta cewa duk sakamakon da kamfani zai sanar wa masu jari, sai wani ƙwararre mai suna da rajista ya sa hannu ya ɗauki alhakinsa, ya kuma bayyana yadda aka ɗebi samfuri da yadda aka tsare shi. Wannan ƙa'ida ta taɓa ƙasar Nijar, domin ma'adinin Samira na jihar Tillaberi, wanda ya fara aiki a 2004, kamfanonin Kanada biyu ne suka gina shi, SEMAFO da Etruscan, kuma a lokacin dukansu suna kasuwar hannun jari ta Toronto. Mai hannun jari a Toronto ya sami doka da ke kare shi game da dutsen Nijar. Ɗan kasuwar Tasawa da ya sa kuɗin wakensa a ramin Cibarakatan ba shi da makamanciyarta.

5. Takarda ta ce tamanin, sikeli ya ce talatin

Akwai wata rigimar da ke tashi ko da samfurin na gaskiya ne kuma an ɗebe shi yadda ya kamata, kuma ita ta fi ba ni takaici, domin ana ɓata sunan bayin Allah a kanta. Mu ɗauka takarda ta ce giram 8 a tan. An fitar da buhu 200, wato tan 10. Ubangida ya yi lissafinsa a shago, yana jiran giram 80. Aka niƙa, aka wanke, aka kama da zaiba, aka ƙona, sikeli ya nuna giram 30. Abin da zai fara zuwa zuciyarsa shi ne yara sun ci amana.

Gwajin wuta yana fito da duk zinariyar da ke cikin dutse. Zaiba kuwa ba ta kama sai wadda niƙa ya 'yanta ta fito fili. Wadda ta yi ƙanƙanta ƙwarai tana bin ruwan wanki, wadda ke kulle cikin dutsen farar wuta kuma zaiba ba ta isa gare ta. Sau da yawa abin da ake samu ta wannan hanya bai kai rabin abin da ke cikin dutsen ba. Sauran yana nan cikin turɓayar da aka wanke aka tara gefe, shi ya sa ake samun masu sayenta su sake jiƙa ta da sayanid su ci riba. Tambayar da ya kamata a yi tun ranar ƙulla yarjejeniya ita ce, wannan turɓaya ta wace ce? A wuraren niƙa da yawa mai inji ne ke riƙe ta, shi ya sa yake sassauta kuɗin niƙa. Giram 50 ɗin da ake zargin ɗan'uwa a kansu, mai yiwuwa suna jibge a bayan injin wani.

Wurin sayarwa ma akan sake saɓawa, amma wannan ya fi sauƙin warwarewa. Zinariyar rami tana zuwa da azurfa a jikinta, wadda aka ƙona daga zaiba kuma tana raguwa idan aka narka ta. Mai saye yana auna curin a iska ya sake auna shi cikin ruwa, ya fitar da karat daga 24. Tsantsar zinariya mai giram 100 takan rage kimanin giram 5.2 a cikin ruwa. Na'urar haske da ake ɗora wa curi fatarsa kawai take karantawa. Ana iya maimaita duk wannan a gaban kowa, domin curin yana nan.

Tunda ana maganar takardar gwaji, bari in ƙara abu ɗaya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje cike yake da dalma. Duk wanda zai biya kuɗin gwajin dutse daga kudancin Maraɗi, ya nemi a auna masa dalma tare da zinariyar. Wannan layi ɗaya a takarda ya fi sauran muhimmanci ga matan da za su yi daka da yaran da ke goye a bayansu.

6. Abin da malamanmu suka riga suka duba

Dokar Nijar ta mayar da abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar ƙasa, kuma dokar ma'adinai ta 2022 ta tanadi izinin da mai haƙar hannu zai nema. Amma yarjejeniyar da aka ƙulla da baki, a kan ramin da wataƙila ba shi da takarda, ba kowa ne zai so kai ta gaban alƙali ba. Ta fi saurin zuwa zauren mai gari ko fadar sarki, waɗanda doka ta ba su ikon sasanta mutane, ko gaban malami. Saboda haka yana da kyau mu san abin da littattafan da ake karantawa a zaurukanmu suka ƙunsa, kuma sun ƙunshi fiye da yadda ake zato.

Muhtasar na Shehu Halil ya bambanta abu biyu a babin ciniki. Sayar da sharar maƙerin zinariya, wato ƙurar da ake sharewa a ƙarƙashin maƙerarsa, bai halatta ba, domin ba a san abin da ke ciki ba. Sayar da ƙasar ma'adinin zinariya ko azurfa kuwa ya halatta, muddin ba da jinsinta aka saye ta ba. Masu sharhi sun danganta bambancin ga yawan garari: ƙasar ma'adini abu ce da masani zai gani ya kintata. Imamu Shafi'i bai yarda da wannan sassauci ba. Abin da nake jawo hankali a kai shi ne sharaɗin da sassaucin ya tsaya a kansa, wato mai saye ya ga tarin da idonsa, ko wakilinsa masani ya gani. Wanda ya sayi rabin rami daga Mayahi bisa bidiyon waya da takardar samfurin da bai san wanda ya ɗebe shi ba, cinikin biri a sama ya yi. Samfurin da hannun mai sayarwa kaɗai ya riƙe ya fi kusa da sharar maƙeri, domin aikin ɗan Adam yana iya shiga cikinsa.

Game da ba da jari kuwa, Halil ya kawo a babin zakka cewa malamai sun kasu biyu kan halaccin miƙa ma'adini ga ma'aikaci bisa wani kaso na abin da zai fito, kamar yadda ake yi a ƙiradi, wato jarin raba riba. Idan aka bi masu halattawa, to sai a ɗauki hukuncin ƙiradi gaba ɗayansa. A ƙiradi riba ce ake rabawa. Hasara tana kan mai dukiya, ma'aikaci kuma ya yi hasarar guminsa. Ma'aikaci amintacce ne, ana karɓar maganarsa kan hasara matuƙar ba a tabbatar da ƙaryarsa ko sakacinsa ba, kuma shardanta masa lamunin jari yana ɓata yarjejeniyar. Wannan yana nufin ubangida ba shi da ikon mayar da takardar gwaji ta zama bashi a wuyan yaronsa. Saurayin da ya yi wata da watanni a ƙarƙashin ƙasa ya dawo hannu rabbana, bai kamata a ce gonar mahaifinsa za ta biya giram ɗin da wata takarda ta ambata ba. Idan kuwa an tabbatar da barbaɗa zinariya a samfuri, wannan ha'inci ne, kuma mai shi zai biya. Matsalar mai sasantawa ita ce yadda zai rarrabe tsakanin biyun, alhali shaidar da za ta raba su an niƙe ta an narkar.

7. Abin da za a iya yi da ɗan kuɗi kaɗan

Ba na ganin amfanin kwaso ƙa'idar Toronto a ɗora wa mutanen Tasawa. Ruhinta dai ana iya ɗaukarsa, kuma ba shi da tsada. Kada mai rami ya ɗebi samfuri shi kaɗai, kada kuma a zaɓi dutse da ido. A tsaga layi a gicciye jijiyar daga bango zuwa bango a kwashe duk abin da ya faɗo, mai kyau da mara kyau, ko kuma a ware kowane buhu na goma yayin da ake fitowa da su. A niƙe shi duka a gaban wakilan ɓangarorin biyu, a gauraya, sannan a raba gida uku. Kowa ya ɗauki kashi ɗaya ya kai inda ya yarda da shi. Na uku a ɗaure a sa hatimi, a rubuta rana da sunan ramin da zurfinsa, a ba wanda aka amince da shi ajiya.

Manyan kamfanoni suna cusa samfurin da suka san babu komai a cikinsa tsakanin na gaske domin su jarraba hanyar da samfurinsu ke bi. Mutumin Mayahi yana iya yin haka cikin sauƙi: ya sami farin dutsen da ya tabbata wofi ne, ya niƙa, ya ƙulla shi kamar sauran, kada ya gaya wa mai kaiwa. In takardar ta dawo da zinariya a wannan ƙulli, ya san akwai hannu ko ƙazanta a wani wuri. Kuma kafin a zuba babban kuɗi, a niƙa buhu goma ko ashirin da injin da za a yi aiki da shi, a ga abin da ya hau sikeli. Wannan adadi ne ya kamata a gina yarjejeniya a kansa, a kuma rubuta wanda ya mallaki turɓayar wanki.

Nan ne nake ganin aikin ya faɗo kanmu masu bincike. Nijar tana da Cibiyar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta CRGM da makarantar EMIG a Yamai, muna kuma da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi. Ɗan kasuwar Tasawa bai kamata ya rasa wurin da zai kai kashi na uku a cikin jiharsa ba, a farashin da aka liƙa a ƙofa, ya karɓi takardar da aka rubuta da Hausa, ta boko da ta ajami, wadda ta faɗi nauyin abin da aka kawo da wanda ya kawo shi da halin da hatiminsa yake ciki. Ɗalibanmu na ilimin ƙasa za su iya zama shaidun ɗibar samfuri a lokacin hutu, su koyi sana'ar a bakin rami. Sarakuna da limamai kuma a ba su takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da za su riƙa cika wa masu zuwa neman albarka kafin tafiya, tunda wurinsu za a dawo idan an saɓa. Mai gari da ke da ƙullin nan na uku a ɗakinsa yana da abin da zai aika a sake aunawa kafin ya sa wani ya dafa Alƙur'ani.